Mako Shida da Modu a Benci Ɗaya

Direban tasin da ya ɗauko mu daga filin jirgi a ƙofar wani asibitin ido ya sauke mu, ya ce mun iso. Kafin mu gama karanta allon da ke saman ƙofar ya ja motarsa ya shige cikin cunkoso. Sannu da zuwan da Indiya ta yi mana ke nan, ni da Modu, da rana tsaka, da akwatuna a hannu, a wani gari na kudancin ƙasar da har yau harshena bai iya faɗin sunansa daidai ba.

Sunana Garba. Malamin aikin lantarki ne ni a wata makarantar koyon sana'a a Gashuwa, kuma a lokacin ina da shekara arba'in da bakwai. Modu ɗan Nguru ne, ma'aikacin ofis, sa'an ƙanena na uku, amma tun a Kano ya gaya mini Injiniya ake ce masa. Mu biyu aka tura bitar mako shida, a koya mana haɗa robot da rubuta masa umarni a kwamfuta. An ce duk mutum biyun da suka ci jarrabawar ƙarshe za a ba su robot ɗin da suka haɗa, har da akwatin kayan aikinsa, su tafi da shi gida. Wannan akwatin shi ya kawo ni. Ɗalibaina sun gaji da ganin ina zana taya da waya a allo ina cewa su ƙaddara yana motsi. Yadda aka zaɓi Modu kuwa, duk wanda ya san kawunsa ba zai tambaya ba.

Muna tsaye gaban asibitin ya dube ni, ya kira ni da Ba, wato baba a bakin mutanen wajenmu, ya ce, “Ba Garba, da ka bar ni na yi masa Turanci mai kyau da ba haka ba.”

Shi ya yi cinikin motar, ni ko bakina ban buɗe ba. Na haɗiye. Na tari wani mai sayar da kwakwa da ƴan kalmomin da na tsinta a finafinan Indiya da muka sha kallo muna samari. Ya kalle ni sama da ƙasa ya juya mini ƙeya. Sai daga baya na gane cewa a kudu ba wannan yaren ake yi ba, wasu ma ba sa ƙaunar jin sa.

Masaukin da aka rubuta mana a takarda, mai gidan na ganin fuskokinmu ya ce an riga an ba wasu ɗakin. Gida na biyu ba a ko buɗe mana ƙofa ba, ta taga aka kaɗa mana hannu. Sai la'asar muka samu wani ɗaki a saman shagon masu facin taya, bisa sharaɗi: ba dafa nama, ba dafa kifi, ba baƙo. Famfo ɗaya ne a tsakar gidan. Duk sanda na ɗebi ruwan alwala, matar mai gidan za ta fito da tsumma da toka ta goge kan famfon, ina tsaye, ba ta ma jira na juya baya. Mako shida tana yi, ba ta yi fashi ko sau ɗaya ba.

Wurin bitar wani dogon ɗaki ne mai sanyin na'ura, benci goma sha biyu, kowane benci mutum biyu, daga ƙasashe daban-daban. Babban malamin wani siriri ne mai gilashi, wanda na laƙaba wa Mai Agogo, domin ƙarfe tara daidai yake kulle ƙofa, kuma ko magana yake da kai idonsa na kan tsintsiyar hannunsa. Mu aka ba benci na bakwai.

Na zaci zan ga mutum-mutumi mai kai da ƙafafu. Ashe wata ƴar amalanke ce mai taya uku, faɗinta bai fi faifai ba, da ƙananan idanu biyu a ƙasanta masu bambance baƙi da fari, da hannu ɗaya kamar awartaki. Aikinta ta bi baƙin layi a ƙasa, ta tsaya gaban wani ɗan katako, ta ɗauke shi, ta kai shi cikin jan da'ira ta ajiye. Abu kamar wasan yara. Amma ba za ta matsa ko taƙi ɗaya ba sai ka rubuta mata komai dalla-dalla, kamar mai aiken wawa kasuwa.

Makon farko na haɗa kaya ne, kuma nan gidana ne. Mutumin da ya shekara ashirin yana naɗa wayar injin ban-ruwa ba ɗaure noti ne zai ba shi tsoro ba. Na riga kowa gamawa. Mai Agogo ya zo ya ɗaga robot ɗin, ya juya shi, ya jijjiga, bai samu abin da ke rawa ba. Ya dubi Modu ya ce, “Aiki mai kyau.” Modu ya ce ya gode.

Mako na biyu aka shiga rubutu, nan na raina kaina. Da yatsa biyu nake danna kwamfuta. Kafin na gama layi uku, ƴan matan da ke benci na shida, waɗanda na haifi kamarsu, sun cika shafi. Ga wata ƴar alama, ɗigo da waƙafi, da ake sawa a ƙarshen kowane layi. Ka manta ta sau ɗaya, robot ya zauna kamar an dasa shi. Wata rana Mai Agogo ya haska rubutuna a jikin bango don kowa ya gani, ya shiga ƙirga kurakurai da sanda. Da ya kai na tara sai ya tsaya.

“Mista Garba, a ƙasarku akwai kwamfuta kuwa?”

Ɗaki ya ɗauki dariya. Ta baƙi ba ta dame ni ba. Wadda ta ƙona mini rai ita ce ta kusa da kunnena, domin Modu har da buga benci.

Daga wannan makon ya daina zama. Zai zo da safe ya sa hannu a takardar halarta, ya ɗan taɓa kwamfuta, ya sulale. Kasuwa yake tafiya, yana sayen mayafai da magunguna da turare da zai kai Nguru. Ɗakinmu ya cika da ƙunshi har inda nake shimfiɗa sallaya. Sai lokacin shan shayi ya dawo, ya tsaya kusa da Mai Agogo, suna hirar ƙwallon kurket da Turancinsa mai santsi, yana cewa “mun gwada kaza”, “mun lura da kaza”.

Ni kuwa na samo wa kaina dabara. Sunayen Turanci da ake ba sassan robot a cikin rubutu suna rikita ni, sai na sauya musu da abin da na sani. Tayar hagu na sa mata tarwaɗa, ta dama karfasa, hannun ya zama ƙugiya, lambar da ke raba baƙi da fari na kira ta gaɓa. Daga ranar na fara ganin hanya. Mai Agogo ya gani ya ce wannan shirme ne, na goge. Na ce to. Ban goge ba.

Abinci ma ya zame mini wani yaƙin. Shinkafa da wani ruwa mai tsami da yaji, safe da rana. Ni da na tashi a bakin kogi, na yi wata guda ban ga ƙayar kifi ba. Wani lokaci ina tsakiyar rubutu sai ƙamshin bandar kifin kasuwar Gashuwa ya zo mini a hanci, ko na tuna burabuskon Hauwa matata da miyar kuka, har sai na ajiye hannu. Sallar azahar a ƙarƙashin matakala nake yi, kusa da bokitan shara, bayan wani ya kai ƙara cewa ina tare hanya a baranda.

A mako na huɗu Modu ya ga robot ɗinmu ya fara bin layi. Na fita wanke hannu, shi kuma ya ce bari ya ɗauki bidiyo ya tura gida. Ya jona batir a juye. Ina dawowa na tarar da hayaƙi na tashi daga allon da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar robot ɗin, da warin ƙonanniyar roba, Mai Agogo na tsaye a kan bencinmu.

Modu ya ce masa, “Yallaɓai, a yi masa uzuri. Dattijo ne, idonsa ba ya raba jar waya da baƙa.”

Na buɗe baki, Turancin ya watse mini. Abin da ya fito kawai shi ne “ba ni ba ne”, kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Mai Agogo ya ce doka ɗaya ce: allo ɗaya ake ba kowane benci, wanda ya ƙona nasa sai ya zauna ya kalli na wasu.

Da muka koma ɗaki da yamma na rufe ƙofa na tsaya a gabansa.

“Modu, me na tare maka?”

“Injiniya,” in ji shi, yana ɗaure wani ƙunshi.

“Ka ji tsoron Allah. Kai ka ƙona allon nan.”

“To in ni ne fa? Ba Garba, kai ka ɗauki abin nan da zafi. Ni ba wasan yara na zo koya ba, takarda na zo karɓa. Kai ma in ka koma, wa zai tambaye ka ko ya yi tafiya ko bai yi ba?”

“Ɗalibaina.”

Ya yi murmushi. “Waɗanda za su ƙare a facin taya?”

Hannuna ya ɗaga da kansa. Ban san abin da ya riƙe shi ba, wataƙila tunanin ofishin ƴan sanda a ƙasar da ko famfo ba a yarda na taɓa ba. Na sauke shi. Daga ranar ba mu ƙara cin abinci a kwano ɗaya ba, gaisuwa ma sai ta zama dole.

Kwana biyu ina zaune a benci babu abin yi. A ranar ta biyu Hauwa ta kira ni. Tsakaninmu da gida awa huɗu da rabi ne, wannan rabin ma kullum sai ya ɓata mini lissafi. Ta ce kogi ya cika ya haura, ruwa ya shanye gonar shinkafarmu ta fadama, kuma katangar bayan gida ta zube, sun kwashe yara sun koma gidan yayanta. Tana magana a hankali don kada hankalina ya tashi, ni kuma ina jin kukan autarmu a bayanta.

Ta ce, “Malam, kai dai ka gama abin da ka je yi. Ka zo mana da abin nan mu gani.”

Na kasa gaya mata cewa abin nan ya ƙone.

A ƙarshen ɗakin bitar akwai wata ƴar taga inda ake karɓar kayan aiki. Wata tsohuwa ce ke zaune a ciki, mai furfura da tabarau a ɗaure da zare. Kowa Amma yake ce mata, wato uwa a yarensu. Ba ta jin Turanci sosai, ni ma haka, don haka ba mu taɓa wuce gaisuwar kai ba. A rana ta uku da kowa ya fita cin abinci na zauna ni kaɗai, sai na ji tana ƙwanƙwasa katako. Ta yafuto ni. Ta turo mini wani kwali cike da matattun alluna na waɗanda suka yi bita kafin mu, ta ɗora ƙarfen liƙin dalma a kai, ta nuna agogon bango, ta ɗaga yatsa ɗaya. Awa ɗaya.

Na zazzage kwalin. Na samu wani allo da ƙafarsa ɗaya ce kawai ta karye, na ciro irinta daga wani na liƙa. Dalma ta san ni. Da na jona batir, ƴar koriyar fitila ta kama. Tsohuwa Amma ta leƙo ta taga ta gani, ta kaɗa kai irin nasu, ta koma kan ɗinkinta. Tun daga ranar kullum takan bar mini ƙofa a buɗe lokacin cin abinci, wani lokaci na tarar da ayaba biyu a kan benci na bakwai. Mai Agogo ya ga robot ɗinmu na tafiya, ya duba allon, ya dubi tagar, ya wuce.

Ranar jarrabawa ba a ɗakinmu aka yi ba. Wani babban zaure aka kai mu, mai daɓe mai sheƙi da manyan tagogi, rana na zubowa ciki. Alƙalai uku a tebur, kowane benci minti goma. Da aka kira mu sai aka karanta wasiƙar da aka turo mu da ita, ashe a ciki an rubuta Modu ne jagora. Ya tashi cikin babbar riga, ya yi jawabi mai daɗi kan makomar matasan Afirka, ya ajiye robot a kan layi, ya danna.

Robot ya yi taku kaɗan ya saki layin, ya nufi ƙafar tebur. Modu ya dawo da shi. Ya sake saki, ya shiga juyi a wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure. Ni na san ciwon tun juyin farko: hasken da daɓen ke maidowa ya sa idanun suna ganin baƙi kamar fari.

Ɗaya daga cikin alƙalan, wata mace, ta ce, “Ga kwamfuta nan. Gyara.”

Modu ya sunkuya a kan rubutun. Na ga idonsa na yawo daga sama zuwa ƙasa. Gumi ya tsatsafo masa a goshi. Ya ɗan juyo, bai kalle ni sosai ba, ya yi magana da Hausa ƙasa-ƙasa.

“Malam, wanne ne tarwaɗa?”

Ranar ce ya fara kira na Malam. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji, irin daɗin da ban taɓa ji ba tun da na sauka ƙasar. Na harɗe hannu ina kallon sa yana nutsewa, ina so ya kai ƙasa, kowa ya gani. Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya bi. Mai Agogo ya dubi tsintsiyar hannunsa ya ce saura huɗu.

Sai na tuna in ya faɗi, akwatin ma ya faɗi. Na tashi. Ban ce masa matsa ba, kafaɗa na sa na ture shi. Da yatsuna biyu na nemo gaɓa na sauya lambar. Na yage murfin kwalin shayi da ke kan teburin alƙalai, na naɗe shi kewaye da idanun ya yi musu rumfa. Na ajiye, na danna. Ya kama layi ya bi, ya sha kwana, ya tsaya gaban katakon, ya buɗe hannu ya ɗauka, ya kai cikin jan da'ira ya sauke a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Ƴan matan benci na shida suka yi tafi.

Washegari aka raba takardu. Kowa ya samu tasa, amma takardar mallakar robot da akwatin, sunan jagora aka rubuta. Na bi Mai Agogo har ofishinsa. Wannan karon na shirya Turancina tun a hanya.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Mista Garba, na san wanda ya yi aikin. Tun makon farko na sani.”

“To me ya sa?”

“Wasiƙarku ta ce shi ne jagora. Rigimar ƙasarku ba tawa ba ce.” Ya dubi agogo.

Da ya ce bai sani ba da ya fi mini sauƙi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ashe har a ƙasar wasu haka ne. Na fito na je tagar Amma na yi mata sallama. Ba ni da abin ba ta sai ragowar dabinon da na zo da shi. Ta karɓa da hannu biyu, ta faɗi wata doguwar magana da ban ji ko kalma ɗaya ba, na ce amin.

Daga Kano mota ɗaya muka shiga. A tashar Nguru ƴan'uwansa suka zo da mota suka kwashe ƙunshin mayafai, suka ɗora akwatin a sama. Modu ya leƙo ta taga ya ce da zarar an nuna wa manya zai aiko mini da shi. Na bi akwatin da ido har suka sha kwanar kasuwa. Daga nan har Jajimaji, har Gashuwa, ruwa ne kwance dama da hagu inda na bar gonaki.

Ranar da na koma makaranta ɗalibai suka taru a ƙofar aji suna leƙen hannuna. Na ce musu yana hanya. Na rubuta wasiƙa uku zuwa ofishinsu Modu, shugaban makarantarmu ya sa hannu, ba a amsa ko ɗaya ba. Na je Nguru da kaina sau biyu, ana ce mini Injiniya ya fita.

Bayan wata biyar sai ga kiransa da hantsi, ina tsakiyar aji.

“Malam, ina kwana. Ya iyali, ya ruwa?”

“Lafiya.”

“Manyan baƙi za su zo jibi, za a nuna musu robot. To na haɗa shi, fitila na kamawa, amma ya ƙi bin layi. Ko za ka shigo mota ka zo? Zan sa a ba ka na hanya.”

“In an gama zan taho da shi Gashuwa?”

“Ka san da sunana yake a rubuce.”

“To sunan naka ya tayar da shi,” na ce, na kashe wayar.

Shugaban makarantarmu ya ce na yi kuskure, da na je wataƙila manyan su gan ni. Hauwa ma ta ce riƙo ba ya gyara katanga. Mai yiwuwa suna da gaskiya. Ban je ba.

An yi taron. Wani abokin aikina ya turo mini hoton a waya: robot a kan tebur an ɗaura masa ƙyalle mai launi, Modu na tsaye a bayansa da babbar riga, baƙi na tafi. An ce bai motsa ba, an gaya musu batir ne ya yi sanyi, kuma ba wanda ya damu. Na buɗe hoton da yatsa biyu na duba da kyau. Ya ɗaura idanun a juye, suna kallon rufin ɗaki maimakon ƙasa. Noti biyu ne za a kwance a mayar. Aikin minti biyar ne, kuma lambarsa na cikin wayata. Har yau ban gaya masa ba.